Kafin a Saya wa Yaro Fom ɗin JAMB, Wa Ya Nuna Masa Hanya?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawar matasa kan harkar ilimi. Mun kawo muku shi kamar yadda aka yi shi.

 

 Minti ashirin aka ba ni, kuma na ga shugaban taro ya riga ya ajiye agogonsa a kan tebur, don haka ba zan yi doguwar shimfiɗa ba.

Duk shekara idan lokacin rajistar JAMB ya zo, hotuna kan cika Facebook. Wane ya saya wa yara ɗari biyu fom, wane ya biya wa 'yan mazaɓarsa kuɗin NECO. Alheri ne, Allah ya saka musu, mu ma muna cikin masu yaɗa hotunan. To amma ku je cibiyar da ake rajistar ku tsaya ku saurara. Yaro zai zauna a gaban mai kwamfuta, a ce masa, "Wane kwas?" Sai ya waiwaya ya kalli abokinsa. Abokin ya ce likitanci, shi ma ya ce likitanci. Wani ma mai kwamfutar ne zai zaɓa masa saboda layi ya yi tsawo. Shekara goma sha biyu yaro yana zuwa makaranta, amma shawarar da za ta juya rayuwarsa a yanke ta cikin minti biyu, a bakin wanda bai san shi ba.

Kuma gaskiyar magana, kafin ya zo gaban wannan kwamfutar an riga an yanke masa hukunci tun shekara uku baya. Ranar da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare aka ce ga ajin kimiyya, ga ajin adabi, ga ajin kasuwanci, ranar aka buɗe masa wasu ƙofofi aka rufe wasu. JAMB darussa huɗu take gwadawa, Turanci dole ne, sauran ukun kuma kwas ɗin da kake nema ne ke faɗar su. Mai son likitanci sai da Fiziks da Kyamistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci sai da Lissafi da Fiziks da Kyamistiri. Mai son aikin lauya, a yawancin jami'o'i sai yana da kiredit a darasin adabin Turanci. Yara nawa ne a aji uku aka taɓa zaunar da su aka faɗa musu wannan? Yarinya za ta yi shekara uku tana cewa lauya za ta zama, makarantarsu kuwa ba ta da malamin adabin Turanci, ba kuma wanda ya ce mata komai, sai ranar da aka hana ta gurbin karatu. Yadda ake raba azuzuwan ma kun san shi: masu ƙoƙari a tura su kimiyya, sauran a ce su je ɗaya ajin, kamar adabi da kasuwanci horo ne ake yi wa wanda bai yi karatu ba.

A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin yara kusan miliyan 2 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. An yi ta cacar baki a kan matsalar na'ura, kuma an sake wa wasu jarrabawar. Ni tambayata daban ce. Waɗannan yaran da ba za su sami jami'a ba, ina suka nufa? Wa ya taɓa nuna musu wata hanya kafin ranar da sakamako ya fito?

Jama'a, wannan abu ba sabo ba ne a ƙasar nan. Tun 1959 wasu mata 'yan mishan da ke kula da kwalejin 'yan mata ta St. Theresa a Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban suka yi wa ɗalibansu masu fita bayanin ayyukan da ke jiransu a waje. Daga nan masana ke fara ƙirga tarihin ba wa ɗalibai shawarar sana'a a makarantun Najeriya. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ce a sa malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, hikimarsa ke nan tun asali: shekara ukun ƙaramar sakandare yaro ya taɓa katako, ya taɓa ƙarfe, ya taɓa wayar lantarki, ya shiga gona, ya ga lissafin kasuwanci, sannan a duba inda hannunsa da ƙwaƙwalwarsa suka fi karkata. Aka sayo injina daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba. Iyayenmu da ke nan sun san ƙarshen labarin. Da yawa a cikin akwatinsu suka yi tsatsa, don ba ɗakin da za a kafa su, ba wuta, ba malamin da ya san yadda ake kunna su.

Malamin ba da shawara kuwa, a makarantu da dama sunan ne kawai ya rage a jikin ƙofa. Wanda aka ba ofishin shi ne ke koyar da darussa biyu ko uku, shi ne mai bulala, shi ne mai tattara kuɗin jarrabawa. Wane yaro ne zai kai sirrin zuciyarsa wurin wanda ya zane shi da safe?

A 2011 aka sake yunƙurawa. Hukumar tsara manhaja ta NERDC ta kawo darussan sana'a guda 34 a babbar sakandare, kowane ɗalibi sai ya ɗauki ɗaya, WAEC ta fara gwada su a 2014. Ku duba jerin ku sha mamaki: akwai rini, akwai aikin fata, akwai gyaran wayar salula, akwai walda, akwai ɗinki, akwai kiwon kifi, akwai aikin famfo. Wallahi kamar da mutanenmu aka zauna aka rubuta shi. To me ya faru? Makarantu suka duba suka zaɓi darussan da ba sa bukatar kayan aiki, waɗanda za a iya koyarwa da alli da allo a kuma ci jarrabawa cikin sauƙi. Yaro ya fito da kiredit a kiwon dabbobi bai taɓa riƙe akuya an yi mata allura ba. Ya fito da kiredit a sarrafa bayanai da kwamfuta, a allo kawai aka zana masa ita. A garin da ke da marinar Ƙofar Mata da masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa, da kasuwar waya ta Farm Centre, yara suna haddace bayanin rini da fata da gyaran waya daga littafi, idan ma an koyar da su.

A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sake manhajar, ta rage darussan sana'ar zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona. Zaɓin ya yi ma'ana, musamman sola, kowa ya ga yadda ta shiga kowace unguwa. Amma idan yadda aka koyar da 34 haka za a koyar da shida, an dai rage yawan takardu ne kurum.

Bari in ɗan leƙa waje, ba don in ce mu kwaikwayi komai ba. A Jamus, yaro yana aji takwas ko tara ake tura shi wani kamfani ko asibiti ko gareji ya yi mako biyu zuwa uku yana kallon yadda ake aiki, ya dawo ya rubuta rahoto. Idan ya gama makaranta ya zaɓi sana'a, zai riƙa yin kwana uku ko huɗu a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a aji, kamfanin kuma yana biyansa duk wata har ya gama. Tun 2001 suna da rana guda a shekara da ake kai 'yan mata wuraren aikin da aka saba gani a hannun maza. Koriya ta Kudu, ƙasar da yara ke kwana a kan karatu saboda tsoron jarrabawa, ita ma daga 2016 ta ware zango guda a ƙaramar sakandare da ba a yin jarrabawar da aka saba, don yara su fita su ga ayyuka. Abin da ya haɗa su shi ne ana nuna wa yaro aikin da idonsa kafin a ce ya zaɓa.

Mu kuwa muna da abin da za mu gina a kai. Yaron shago da ubangidansa, koyon sana'a a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, koyon ciniki a Kantin Kwari ko Dawanau, ai tsari ne da ya fitar da attajirai da gwanaye ba adadi. Matsalar ita ce mun raba shi da makaranta, har ya zama idan aka ce an kai yaro gareji, ma'anarsa boko ta gagare shi. Sannan mun ga abin da niyya ke yi idan aka haɗa ta da tsari. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, an kafa su ne don jihar Kano ta ga ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, aka zaɓo yara aka ɗora su a hanya tun da wuri. Ku shiga manyan asibitocinmu yau ku tambayi likitoci inda suka yi sakandare.

To me nake so mu nema? Abu na farko mai arha ne ƙwarai: kafin a raba yara azuzuwa a ƙarshen aji uku, a tara su da iyayensu, a ba kowa takarda da Hausa da Turanci mai nuna wane darasi ke kai mutum wane kwas. A kawo tsofaffin ɗaliban makarantar su yi magana. Kada a tsaya kan likita da lauya da soja. A kawo mai gwajin jini, mai ɗaukar hoton ƙashi, ungozoma, mai awon fili, mai haɗa sola, malamin gona, akanta. Kowa ya faɗi abin da ya karanta, shekarun da ya yi, wahalar da ke ciki, da abin da aikin ke kawowa, ba ɓoye-ɓoye. A faɗa wa yara cewa a Zariya kaɗai akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, akwai cibiyar fasahar fata a Samaru, akwai cibiyar fasahar sufuri. A faɗa musu akwai jarrabawar NABTEB ta kwalejojin fasaha, akwai kwalejojin kimiyya da fasaha da hukumar NBTE ta Kaduna ke kula da su, akwai makarantun koyon aikin lafiya. Yaro ba zai nemi abin da bai taɓa jin sunansa ba.

Sai makon ganin aiki. A aji biyu na babbar sakandare, a ware mako guda kowane ɗalibi ya je wurin aikin da yake sha'awa. Na san abin da wasunku za su ce, kuma suna da gaskiya. Wani ubangidan zai mayar da yaro ɗan aike, sayo shayi da share shago. Wani uban ba zai yarda 'yarsa ta je ko'ina ba, kuma duk wanda ya san halin da ake ciki ba zai zarge shi ba. Shi ya sa ba za a yi shi kara zube ba. Ƙungiyoyin masu sana'a, na makanikai da teloli da 'yan kasuwa, su ne za su ba da sunan mutanen da suka amince da su. Yara su tafi bibbiyu ko uku-uku. Malami ya riƙa zagayawa. 'Yan mata a kai su hannun mata, a asibiti, a makaranta, a banki, a wurin ɗinki da girki da ɗakin gwaje-gwaje, da yardar iyaye a rubuce. A ba kowane yaro kuɗin mota, don idan ba a ba shi ba, 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su je. Ko da yaro ya dawo ya ce, "Ni dai na ga jini, ba zan iya aikin asibiti ba," makon ya biya kuɗinsa. Gara ya gane haka yana ɗan shekara goma sha shida da ya gane bayan mahaifinsa ya sayar da gona.

Ga iyayenmu kuma, da girmamawa nake faɗa: burin a kira mutum baban likita ya jefa yara da yawa cikin maimaita JAMB sau uku sau huɗu, alhali da an bar su sun bi inda suka fi ƙarfi, da tuni sun tsaya da ƙafarsu.

Mu 'yan siyasa ma akwai namu kason. Mun saba da rabon keken ɗinki da injin markaɗe a filin taro, kuma ba wanda bai san wasu a bakin ƙofa ake sayar da su ba, saboda an ba wanda bai iya ba kuma bai nema ba. Kuɗin taro guda irin wannan zai ɗauki nauyin makon ganin aiki na makarantu da dama a ƙaramar hukuma. Don haka duk mai neman kujera da zai zo neman goyon bayanmu, kansila ne ko ɗan majalisa, a tambaye shi: makarantun sakandare nawa ne a mazaɓarka, nawa ne ke da malamin ba da shawara wanda aikinsa ke nan kaɗai, kuma nawa za ka nemi a sa wa wannan a kasafin kuɗi?

Kafin nan, akwai abin da ba ya jiran kasafi. Kowannenmu nan akwai makarantar da ya fito. Ina roƙon shugabannin mazaɓu, kafin zangon nan ya ƙare, kowace mazaɓa ta zaɓi makaranta ɗaya, a je a gana da shugaban makarantar da ƙungiyar iyaye da malamai, a nemi rana guda don 'yan aji uku. Sakatare zai zagayo da takarda yanzu, kowa ya rubuta sunansa da aikin da yake yi da makarantar da zai iya zuwa. Kada a tafi da hula ko fosta, makaranta ta kowa ce.

Na ga shugaban taro ya ɗaga mini hannu.