TARBIYYAR JIKI: ƘANNENMU AMANA NE A WUYANMU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.



Maganarmu ta yau a kan ƙannenmu ce da 'ya'yanmu. Mun saba idan aka ce tarbiyya sai hankalinmu ya tafi ga allo da littafi, jiki kuwa a bar shi ko oho. To amma ku duba ƙissar Ɗaluta a Suratul Baƙara. Da Bani Isra'ila suka raina shi don ba shi da dukiya, abu biyu aka nuna masu da Allah Ya fifita shi da su, ilimi da ƙarfin jiki.

A shekara ta 3 bayan Hijira, ana shirin fita Uhudu, Manzon Allah (SAW) ya mai da waɗanda ya ga sun yi ƙanƙanta gida, cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar. Ya bar Rafi'u ɗan Khadij saboda gwanin harbi ne. Sai Samura ɗan Jundub ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u a kokawa. Aka ce su kama, ya kuwa kayar da shi, shi ma aka bar shi. Abin lura a nan, 'yan uwa, waɗannan samari 'yan shekara 15 ba ranar suka koyi harbi da kokawa ba. Da su suka taso a unguwannin Madina. Manzon Allah da kansa ya kayar da Rukana a kokawa, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma shirya tseren dawaki.

To yau ina namu yaran? Yaro ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila kaf, amma ya zagaya fili sau biyu da gudu sai haki. Daga gidan kallo sai waya a hannu har tsakar dare, da Asuba ka yi ta tashi ba ya motsi. Kuma ciwon ya game duniya. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bincike daga ƙasashe 146, inda ta gano kashi 81 cikin ɗari na yara 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa motsa jiki yadda ya kamata. A 2020 ta ba da ma'auni: yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, da atisayen ƙarfafa tsoka da ƙashi kwana 3 a mako. Dalili kuwa, ƙashi yana yin ƙwari ne idan ana ɗora masa aiki, kuma mafi yawan ƙwarinsa a ƙuruciya da samartaka ake tara shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan aiki ba ya cin kuɗi. Akwai langa, akwai tsere, kokawa, tsallen igiya, ƙwallo. Yaron da ya kai shekara 7 ko 8, yana jin umarni, zai iya fara atisaye da nauyin jikinsa: ya kifa ciki yana ɗaga kansa da hannuwa, ya tsuguna ya miƙe, ya kama reshe yana jan jikinsa sama. Maganar cewa atisaye yana hana yaro tsawo, likitoci ba su tabbatar da ita ba. Abin da ke jawo rauni shi ne nauyin da ya fi ƙarfinsa da rashin mai lura. Saboda haka kada wani ya ɗauko ƙarfen da ya narka wa siminti ya ce ƙanensa ya gwada.

Akwai kuma iyakoki. A yi wasa bayan Asuba ko bayan La'asar, a guji tsakar rana, a sha ruwa. A rufe al'aura, kuma da an kira salla a ajiye ƙwallo. Babu caca, babu laya, babu dukan fuska. Iyo abu ne mai kyau, amma kududdufi yana kawo tsargiya, yana kuma cin rayuka duk damina. Wanda ya ce maku tramadol na ƙara ƙarfi, ƙarya yake yi, hanyar kabari ko gidan mahaukata yake nuna maku. Kuma ƙarfin da yaro zai je ya zalunci na ƙasa da shi, fitina ce muka raina da hannunmu.

Abin da muke so shi ne kowane ɗan uwa a nan ya tara yara biyar zuwa goma na unguwarsa, da izinin iyayensu, ya tsayar masu da ranaku uku a mako. A fara da addu'a, a rufe da addu'a. Wanda ka fito da shi fili da Asuba, insha Allahu za ka same shi a sahun gaba a masallaci.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya shirya mana zuri'a.