Amsar Wasiƙunku: Tsatsa Ta Cinye Mazaunin Jigon Jirgi, A Yi Faci Ko A Sake Sabo?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga garin Yeji na ƙasar Gana, a bakin tafkin Bolta, wanda ya samu bayan kammala dam ɗin Akosombo a 1965. Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar kifi, ya ce yana da kwale-kwale mai ƙyallen iska. Jigon jirgin, wato doguwar sandar da ake ɗaura wa ƙyallen, bututun ƙarfe ne, yana zaune cikin wani mazauni na ƙarfe da aka ɗaure a ƙasan jirgin. Yanzu tsatsa ta cinye mazaunin, jigo har girgiza yake yi. Wani mai walda ya ce zai lafta masa faci a kan kuɗi kaɗan. Yana tambaya: ya yarda, ko ya sake sabo?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Amsa a taƙaice ita ce ka sake sabo. Duk ƙarfin iskar da ke tura jirginka ta jigo yake bi, shi kuma jigo a kan mazaunin nan yake sauke nauyinsa. Walda ba ta kama ƙarfen da tsatsa ta rarake. Facin zai yi kyaun gani, amma ranar da hadari ya taso a tsakiyar ruwa, nan zai ɓalle. Jigo in ya kuɓuce daga gindi, ko ya faɗa kan mutane, ko ya fasa katakon jirgi. Ka kuma fi ni sanin kututturan itatuwan da ke ɓoye a tafkin nan, masu jiran jirgin da ya rasa linzami.

Me ya sa wurin nan ne ke fara lalacewa? Na farko, shi ne kwarin jirgi, inda ruwa ke kwana. In kana ɗaukar gishiri ko takin zamani, abin da ya zube ya narke a nan, tsatsa ta ƙara sauri. Na biyu, haɗa ƙarfe iri biyu cikin danshi. In baƙin ƙarfe ya haɗu da jan ƙarfe ko tagulla, baƙin ƙarfen ne ke cinyewa. In ya haɗu da alminiyum irin na tukwane, alminiyum ɗin ne ke zama farin gari. Turawan Ingila sun ga haka da idonsu. A 1761 suka lulluɓe ƙasan wani jirgin yaƙinsu mai suna Alarm da jan ƙarfe. Da aka duba shi a 1763, sai aka tarar ƙusoshin baƙin ƙarfe sun cinye, sai fa waɗanda 'yar takarda ta shiga tsakaninsu da jan ƙarfen. Ka riƙe zancen takardar nan, za mu komo kansa.

Ga yadda za ka yi aikin. Ka jawo jirgi kan tudu, ka samu majiya ƙarfi su riƙe jigo, a sassauta igiyoyi sannu a hankali, a kwantar da shi. Kafin ka kwance tsohon mazauni, ka zana iyakarsa a jikin katako, domin in sabon ya gusa gaba ko baya, jirgi zai riƙa ja gefe. Notikan da suka ƙi kwancewa, a jiƙa su da kananzir su kwana, in sun ƙi a yanke su.

Daga nan ka soka tsinin wuƙa a katakon da ke ƙasa. In ta nutse kamar a dafaffen rogo, ya ruɓe ke nan, sai kafinta ya sake shi. Sabon mazauni a kan ruɓaɓɓen katako ɓarnar kuɗi ce kawai. Ka duba gindin jigon kansa. In tsatsa ta ci shi, a yanke har inda ƙarfe ke da lafiya, a auna abin da aka yanke, a ƙara wa mazaunin tudu daidai da shi, don tsawon jigo da igiyoyi su zauna yadda suke.

Shi sabon mazauni, a yi shi da ƙarfe mai kauri irin na jigon, ko da busasshen katako mai tauri kamar maɗaci, wanda ba ruwansa da tsatsa. Ko wanne ka zaɓa, abu uku kada ka manta. A huda masa kafar da ruwa zai tsiyaye. A yi wa ƙarfen fenti shafi biyu ko uku, a shafa wa notika giris. Sannan in ƙarafan ba iri ɗaya ba ne, a yanko tsohon tub na taya a shimfiɗa tsakaninsu, ya yi maka aikin takardar nan ta jirgin Alarm.

Bayan an ta da jigo, a ɗaure igiyoyin dama da hagu daidai wa daida. Ka gwada jirgin kusa da gaɓa, ba kaya ba fasinja, ran da iska ke da sauƙi, ka dawo ka sake ɗaure notika. Daga nan kullum ka kwashe ruwan da ya kwanta a wurin, ka kuma riƙa leƙa shi kafin damina.

Manoma da masu amalanke, wannan magana ta shafe ku. Garmar shanu ko injin ban ruwa da aka bari cikin laima ko kusa da buhun taki, haka tsatsa ke yi musu daga ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Rigakafi dai ya fi magani.

Malam, muna fata ka gamsu. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa. Sai mun ji daga gare ku, ku huta lafiya.