Convener: Tarihin Sunan Shugaban Kwamiti a Sikotilan



Duk wanda ya taɓa kallon zaman kwamiti a Majalisar Sikotilan da ke Edinbara zai ji mambobi suna kiran shugabansu da "convener". A Landan kuwa sunan shugaban kwamiti daga kujerar da yake zama a kai aka ɗauko shi. Asalin kalmar Sikotilan ɗin Latin ne: convenire, wato haɗuwa wuri guda. Ke nan convener shi ne mai kiran taro, wanda ya aika wa kowa cewa ga rana, ga wuri, a hallara. Daga baya ne jan ragamar zaman ya hau kansa.

Inda na fi so mu tsaya shi ne Gilasgo a shekarar 1605. 'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu sun daɗe ba sa ga maciji kan wa ke da ta cewa a mulkin birnin. A shekarar aka yi sulhu a rubuce. 'Yan kasuwa suka samu nasu shugaban, masu sana'a kuma aka ba su Deacon Convener. Ƙungiyoyin sana'a 14 ne, cikinsu akwai maƙera, masaƙa, maɗinka, masu takalmi, mahauta, magina, masu gasa burodi da wanzamai, kowacce da shugabanta, kamar yadda muke da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera. To wa zai tara waɗannan manya, alhali kowa sarki ne a fagensa? Sai aka ɗora wa mutum ɗaya nauyin kiran su. Bai isa ya gaya wa mahauci yadda zai yanka nama ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya tara su, ya sasanta su, ya kai kukansu gaban hukumar birni. Muƙamin yana nan har yau, ana zaɓe duk shekara, kuma ƙungiyoyin suna taro a zauren da aka buɗe a 1794 a titin Glassford.

Ba a Gilasgo kaɗai ake samun kalmar ba. A 1667 aka kafa kwamitocin masu filaye don karɓar harajin ƙasa a gundumomi, su ma da mai kiran taronsu. Da aka kafa majalisun gundumomi a 1890, sunan ya bi su. Cocin Sikotilan ma, wanda tun 1690 ba shi da bishop, da kwamitoci yake tafiyar da harkokinsa, kowanne da convener. A ganina a nan ne kalmar ta samu gindin zama, domin mutanen da suka ƙi yarda a ɗora musu shugaban addini daga sama za su fi sakewa da sunan da ke nuna aiki fiye da wanda ke nuna matsayi. Ko a masana'antun Birtaniya, babban wakilin ma'aikata da wannan suna ake kiran sa.

Ranar 12 ga Mayu 1999, Winnie Ewing, wadda ta fi kowa shekaru a cikin zaɓaɓɓu, ta buɗe zaman farko na sabuwar Majalisar Sikotilan da sanar da cewa an sake kiran majalisar da aka ɗage zamanta a 1707. Kalmar da ta yi amfani da ita tushensu ɗaya da wadda muke magana a kai. Ba mamaki da sabuwar majalisar ta zaɓi convener ga shugabannin kwamitocinta.

Sai dai suna kaɗai ba ya hana son kai. Tsarin da aka fara da shi a 1999 ya raba shugabancin kwamitoci tsakanin jam'iyyu gwargwadon kujerunsu, jam'iyya ta miƙa sunan wanda take so, kwamiti ya amince. An keɓe kwamitin binciken kuɗin gwamnati, wanda dokar majalisar ta hana ɗan jam'iyya mai mulki ya shugabance shi, kuma wannan hikima ce. Amma wanda jam'iyya ta ɗora, da wuya ya kira ministanta ya titsiye shi da tambayoyi. Majalisar wakilai ta Landan tun 2010 take zaɓen shugabannin yawancin kwamitocinta ta ƙuri'ar sirri ta dukkan mambobi, kuma a kan wannan batu ni ina tare da su.