Horon Malaman Kimiyya da Lissafi a Kan Na'urorin Zamani



Cikin 1982 ne Nijeriya ta soma aiki da tsarin ilmi na 6-3-3-4. Gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi, ta sayo injuna daga ƙasashen Turai don koyar da fasaha a ƙananan makarantun sakandare. Da yawa daga cikinsu ko fito da su daga akwati ba a yi ba, har tsatsa ta ci su. Wasu makarantun ba lantarki, gaskiya ne, amma babban cikas shi ne ba a tanadi malaman da za su sarrafa su ba.

Yau kwamfuta da wayar hannu ne suka maye gurbin injunan, haɗarin kuwa yana nan. A kwalejojin ilmi akan koyar da kwamfuta daban, dabarun koyarwa daban, sai ɗalibi ya fita ya iya buga wasiƙa, amma bai taɓa ganin an koyar da lissafi da na'urar ba. Lalle ne a haɗa su wuri guda, watau malamin dabarun lissafi shi ne zai riƙe na'urar.

Ga misali. Da manhajar GeoGebra, wadda aka ƙirƙiro a Ostiriya cikin 2001, kuma kyauta ake samunta, yaro zai zana alwatika, ya ja ta, ya miƙe ta, ya tanƙwara ta yadda ya ga dama, jimillar kusurwoyinta tana nan digiri 180. Abin da ban sha'awa, sai dai gani ba hujja ba ne. Malamin da bai ƙware ba a nan zai tsaya, yara su yi ta tafi. Wanda ya sami horo kuwa sai ya tambaye su dalili, ya mai da su kan allo, ya ja layi ta ƙololuwar alwatikar daura da gindinta, har su fitar da hujjar da kansu. Haka nan a kimiyya: ƙwan fitila na cikin kwamfuta ba ya ƙin kamawa don waya ta saki, saboda haka dole ɗalibi ya taɓa batir da waya na gaske.

Sa'an nan lokacin gwajin koyarwa, kamata ya yi mai duba ɗalibi ya ba shi maki a kan yadda ya yi da waya guda ɗaya a ajin yara 80, ranar da aka ɗauke wuta.