Horo da Hukunci a Tarbiyyar Yara



An nemi in yi magana a kan yadda iyaye za su hori 'ya'yansu, horon ya yi amfani. Da yake harshe shi ne fagena, zan fara da kalmar kanta. Bahaushe yakan ce an horar da doki ko soja, watau an koya masa abu sannu a hankali har ya saba. Yakan kuma ce an yi wa mai laifi horo, watau an hukunta shi. A gidajenmu da yawa ma'ana ta biyu ta danne ta farko, har ya zamana da an ce horo sai zuciya ta tafi kan bulala.

To, wane irin mutum muke son horon ya fitar? A 1974 an buga laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya lissafa halaye kamar gaskiya, amana, haƙuri, kunya da ladabi. Babu ɗaya daga cikinsu da tsoro yake shukawa. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa tsanantawa takan koya wa yaro ƙarya da yaudara, domin yana ɓoye abin da ke ransa don gudun duka. Binciken zamani bai saɓa masa ba. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor a Amurka sun tattara nazarce-nazarcen da suka shafi yara fiye da 160,000, suka ga duka ba ya tafiya da gyaruwar hali, sai dai da ƙarin taurin kai da faɗace-faɗace.

Wani zai ce, ai Hausawa sun ce ka ƙi naka duniya ta so shi. Gaskiya ne, amma ƙin da ake nufi shi ne ƙin biye wa son ran yaro. Tun a 1966 Diana Baumrind ta Jami'ar Kalifoniya ta kasa iyaye gida uku: masu kama-karya, masu sakin linzami, da masu kafa doka tare da bayani da jan yaro a jiki. 'Ya'yan kashi na uku ta samu sun fi natsuwa da dogaro da kai. Ashe sakaci da zafin hannu duk ba su kai ga gaci.

Daga nan zan kawo shawarwari huɗu. Na farko, dokokin gida su zama kaɗan, kuma yaro ya san dalilinsu. Hadisin salla da Abu Dawuda ya ruwaito ya sa umarni a shekara bakwai, bai ambaci hukunci ba sai a shekara goma. Shekara uku ke nan ta koyarwa. Na biyu, magana ta zama ɗaya. Idan uba ya hana, uwa ta bari, ko aka hana yau aka ƙyale gobe, yaro zai koyi karantar fuska maimakon bin doka. Kada kuma a yi masa barazanar da ba za a cika ba, ko a tsorata shi da Dodo, domin ranar da ya gane, maganar iyaye ta zube. Na uku, hukunci ya dace da laifi. Wanda ya zubar da miya da gangan ya share wurin, wanda ya wuce magariba a dandali gobe ya zauna gida. A jira fushi ya huce, a yi a keɓe, ba da zagi ko tsinuwa ba. Na huɗu, a yaba wa yaro idan ya yi daidai. Alkunya takan hana iyayen Hausawa yabon ɗansu, musamman ɗan fari, amma "madalla" ɗaya ba ta rage girman uba.

A ƙarshe, jama'a, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ya sa ɗansa ya ce wa mai bin bashi ba ya gida, ya rushe wa'azin shekara a kan gaskiya. Horon yaro daga horon kai yake farawa.

Allah ya shirya mana zuri'a.