Tumaki Nawa Gidanki Zai Ɗauka?

 

Ana yawan tambayata, wai fili nawa tunkiya ke buƙata? To, burtali da makiyaya da yawa sun koma gonaki, da damina kuma sai turke. Don haka harawar da ke kan soronki za ki auna. 'Yankasa guda takan ci kusan kilo 1 na busasshen abinci kullum. Daga kaka zuwa saukar ruwa wata 6 zuwa 7 ne, wajen kilo 200 ke nan.

Kafin ki karɓi rancen ƙungiya ki ƙaro dabba, ƙirga damman harawa da buhunan dusa. Raguna biyu ƙosassu sun fi biyar ramammu kuɗi lokacin layya. Allah Ya sa albarka.