Sufeto Ya Duba Makarantar 'Ya'yanmu: Me Sakamakon Yake Nufi Ga Iyaye?

Jawabin da jami'in sashen ilimi na hukumarmu ya yi wa iyaye da dattawan ikkilisiyoyin yankin Mairuwa

 

Sau da yawa hedimasta yakan gaya wa iyaye cewa sufetoci sun zo, makaranta ta samu sakamako mai kyau. Sai mu yi murna mu koma gida. Amma a cikinmu mutum nawa ne suka taɓa tambaya: me suka duba, kuma da wane ma'auni suka auna? Wannan ita ce maganarmu ta yau.

Dattawa suna tune da zamanin da ake kai auduga fuloti. Malamin awo yakan buɗe buhu ya duba, ya ce wannan lamba ɗaya ce, waccan lamba biyu. Manomi mai wayo ba ya karɓar kuɗi kawai ya tafi. Yakan tsaya ya ji abin da ya rage darajar audugarsa, ko datti ne ko danshi, domin ya gyara baɗi. Haka ya kamata mu yi da sakamakon makaranta.

Su wa ke dubawa?

Gwamnatin Tarayya ta kafa sashenta na sufetocin makarantu a 1973. A da, zuwan sufeto kamar zuwan mai kamun laifi ne. Yanzu an sauya salo, ana kiran aikin tabbatar da ingancin ilimi. A Jihar Katsina, makarantun firamare na gwamnati suna ƙarƙashin hukumar SUBEB, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da Sakataren Ilimi da jami'ansa. Ma'aikatar Ilimi ta jiha kuma tana da ofisoshin shiyya, kamar na Funtua, Faskari da Malumfashi. Makarantun ikkilisiya ma ba su fita daga wannan tsari ba, domin sai da amincewar gwamnati ake buɗe makaranta mai zaman kanta.

Yaya suke yanke hukunci?

Da farko makaranta ce take auna kanta. Hedimasta da malamai su rubuta inda suke da ƙarfi da inda suke da rauni. Bayan haka jami'ai su zo daga waje su gani ko gaskiya aka rubuta. Sukan zauna cikin aji su ga yadda malami yake koyarwa, su buɗe littattafan rubutun yara su ga ko ana yi musu maki, su duba rajista da sakamakon jarrabawa, su zagaya fili, su yi magana da yara da iyaye. Abubuwa bakwai suke aunawa: abin da yara suka iya, halayensu da zuwansu makaranta, yadda ake koyarwa, ko ana bin manhaja, kulawa da tsaron lafiyar yara, yanayin azuzuwa, ruwa da makewayi, da kuma shugabancin makaranta. Kowanne a ba shi matsayi cikin biyar: mafifici, mai kyau, dama-dama, mai rauni, ko mai rauni ƙwarai. Daga nan su haɗa su duka su fitar da matsayin makaranta gaba ɗaya, tare da shawarwarin gyara.

Ku lura da abu na biyu, wato zuwan yara makaranta. Wannan ba a hannun malami yake ba, a hannunmu yake. Idan muka kwashe yara zuwa gona lokacin noman fari da lokacin girbin masara, rajista za ta nuna, kuma darajar makaranta za ta sauka saboda mu.

Abin da kalma ɗaya ba ta faɗa

'Yan'uwa, matsayin nan kalma ɗaya ce kawai, kuma kalma ɗaya ba ta ɗaukar dukan gaskiya. Makaranta tana iya samun "mai kyau" domin tana da sabon gini da fanfo, alhali yaran aji uku ba su iya haɗa baƙi ba. Wata kuma a ce "dama-dama" domin rufinta ya yaye, amma malamanta ba sa fashi, yara suna karatu. Wacce za ku zaɓa wa ɗanku?

Ba mu kaɗai muke da wannan damuwa ba. A Ingila, hukumar Ofsted ta daɗe tana yanke wa kowace makaranta hukunci da kalma guda. A 2023 wata shugabar firamare ta kashe kanta bayan an sauke makarantarta daga matsayi na sama zuwa na ƙasa. A watan Satumba na 2024 gwamnatinsu ta daina wannan hukunci na kalma guda ga makarantunta. Darasi biyu ne a nan: kada mu dogara ga kalma ɗaya, kuma kada mu mai da sakamako sandar dukan malamai.

Ku tambayi shekarar da aka yi dubawar. Inda hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, jami'i ba ya yawan zuwa, kuma rahoton shekarun baya ba ya faɗin halin yau. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, Allah kuma ya sa aka sako su bayan kwana shida. Tun daga ranar, duk uban da ya ji sakamakon makaranta ya kamata ya tambaya: me suka ce game da tsaro? Akwai katanga? In wani abu ya faru, wa za a kira, ina yara za su nufa?

Me za mu yi?

Na ɗaya, mu nemi a karanta mana rahoton. Da Turanci ake rubuta shi, amma ba asiri ba ne. Kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, ya roƙi hedimasta ya fassara shi da Hausa a taron iyaye, musamman sashen shawarwari. Kwamitin nan na dukan gari ne, har da mata. Kada mu zauna a gefe mu ce ba namu ba ne. Mu shiga tare da maƙwabtanmu Musulmi, domin aji ɗaya 'ya'yanmu suke zama.

Na biyu, mu san haƙƙinmu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE. Ilimin Addinin Kirista yana cikin manhajar ƙasa kamar yadda na Musulunci yake. Idan babu malaminsa, ko kuwa yara sun yi wa aji yawa, kwamiti ya rubuta wa Sakataren Ilimi cikin ladabi, a ajiye kwafi, a kuma faɗa wa jami'ai in sun zo.

Na uku, in makarantar ikkilisiya ce ko ta kuɗi, mu ga takardar amincewar gwamnati da idonmu kafin mu biya. Allon suna a bakin hanya ba shaida ba ne. Makarantar da ba ta da rajista takan bar yaro yana neman wurin rubuta jarrabawa a ƙarshe.

Na huɗu, mu yi namu awon a gida. Ranar Lahadi bayan sujada, miƙa wa yaronka na aji uku Littafi Mai Tsarki na Hausa ya karanta layi biyu. Uwa, ba shi lissafin cinikin mudu uku na wake. Ko ba ki yi boko ba, kunnenki zai gaya miki ko karatu yake yi ko kame-kame. In bai iya ba, a je a ga malaminsa tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma in sakamako ya fito da rauni, kada mu yi gaggawar cire yara, musamman 'yan mata, mu zaunar da su a gida. Mu ɗauki shawara ɗaya daga rahoton wadda ƙarfinmu zai iya, ko haƙa makewayin 'yan mata ne ko gyaran benci, mu gama ta kafin zangon karatu ya ƙare. Sauran kuma mu bi gwamnati da su.

Sufeto baƙo ne, ya kwana ya tafi. Mu ne 'yan gida, kuma mu Allah ya ba amanar yaran nan. Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare 'ya'yanmu da malamansu, ya maido da salama a ƙasarmu. Amin.